Totuwar Masara a Bakin Injin Kawu

Edita da masu karatu, ina gaishe ku. A lokacin da abin nan ya faru, wato ƙarshen shekarun tamanin, ni saurayi ne direban babbar mota, ɗan wani ƙauye da ke bayan Madakiya, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Motar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, wata tsohuwar gingimari mai bodin katako wadda a shekaru kusan sa'ata ce. 'Yan tashar Kafanchan suna ce mata Goggo, don ba ta sauri, ba ta fushi, kuma duk inda ta nufa sai ta isa. Ina ɗaukar doya da masara da citta a hanyoyin Zonkwa da Gwantu, in na shigo ƙauyenmu na danna hon sai in ji kamar duk duniya ni take jira. Ranar da Kawu ya damƙa mini makulli, doka ɗaya tak ya kafa mini. A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai allura da ke nuna ƙarfin da baƙin mai yake zagayawa da shi a cikin inji. Kawu ya ɗora yatsa a kansa ya ce duk ranar da na ga allurar nan ta faɗi, in kashe mota nan take, ko da sarkin garinmu na ɗauko. In na yi gardama inji ya buga, to Goggo ta tafi ke nan, domin a zamanin kayan gyara sun yi tsadar da talaka ba ya ko tambayarsu.

Akwai yarinyar da nake so, 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu, mai murya mai daɗi da baki mai kaifi. Babanta dattijon ikilisiya ne, manomin citta, mutumin da ba a cika ganin haƙoransa ba. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa surukai noma. Na je sau ɗaya da abokaina, kafin rana ta take hannuwana sun yi bororo, kunyoyin da na ja kuwa sun karkace har yara suna nuna su da baki. Tsohon ya dube ni ya dubi gonar, ya ce tun da Allah bai yi ni don garma ba, to motata ita ce garmata. In kaka ta yi, ya tsage cittarsa ta bushe, ni zan kai masa ita kasuwar Kafanchan, in na sauke wannan nauyi lafiya, iyayena su zo a yi magana bayan Kirsimeti. Na koma gida ina tsalle, ina ganin an ba ni aure a ɓagas. A satin nan ne ita kuma yarinyar ta ba ni hankici fari da ta ɗinka wa ado da hannunta, fure da tsuntsaye biyu da jan zare. A lokacinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saurayi yakan sa shi a aljihun gaba ranar Lahadi, bakinsa ya leƙo waje, duk wanda ya gani ya san an riga an kama wannan.

Wata rana a hanyar Gwantu na tsaya na ƙara baƙin mai, na ɗora murfin a kan bamba, hira da wani direba ta ɗauke mini hankali, na rufe bonet na ja mota. Sai da na yi nisa na fara jin ƙaurin mai. Ina buɗewa na tarar mai ya fantsama ko'ina, murfi kuwa yana can inda Allah ya yar da shi. Ban wani damu ba, don a wurinmu duk abin da ke da baki ba shi da murfi, totuwar masara ce maganinsa, ko galan ɗin manja ne ko kwalbar kananzir. Wata mata da ke ɓarzar masara a bakin hanya ta ba ni guda. Na sa, ta yi siriri, tana lilo a bakin. Na nemi tsumman goge hannu, ashe na baro shi a tasha. Na laluba aljihu, sai hannuna ya faɗa kan hankici. Na ce wa kaina ai zuwa Kafanchan ne kawai, in na isa na wanke shi da sabulu, wa zai sani. Na naɗe totuwa da shi na cusa, ta zauna daram. Da na isa gari na buɗe bonet, ga totuwa tana rawa a bakin, hankici kuwa ko sama ko ƙasa. Na duba ƙarƙashin mota, na duba bayan inji, na yanke cewa iska ce ta fizge shi a hanya. Na samo wata totuwar mai kauri na toshe, kuma tun da tana aiki ban ƙara tunanin sayen murfi ba.

Ranar Lahadi yarinyar tana kan benci na mawaƙa, bakinta na waƙa, idonta na kan aljihuna. Da aka tashi ta tambaye ni, na ce na manta shi a wata rigar. Lahadi ta zagayo, na ce yana wurin wanki. Ta yaya zan dubi idonta in ce na toshe bakin inji da shi? Ana cikin haka wata ƙawarta, irin waɗanda ba sa rasa labari, ta kawo mata cewa ta ga mai sayar da abinci a tashar Zonkwa, inda nake yawan cin tuwo, tana share gumi da farin hankici mai jan ado. Shi ke nan, wuta ta kama. Ta aiko mini cewa kada in ƙara tsayawa a ƙofar gidansu sai da hankicinta a hannuna, in kuwa babu shi, ko na kwashe cittar ƙasar nan duka a kaina ba za ta aure ni ba. Na yi rantsuwa, na aika 'yar'uwata ta ba da baki, duk a banza. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son yarinyar nan har cikin zuciyata.

A daidai wannan lokaci allurar mai ta fara nata wasan. Da safe in na ta da mota sai ta miƙe tsaf inda ta saba. In na yi 'yar tafiya, musamman in na taka totur a hawa, sai ta fara karkarwa, ta yi ƙasa a hankali har ta kwanta. In na kashe na ɗan jira na sake tayarwa, sai ta miƙe kamar ba ita ba. Na zaro sandar awon mai, mai a cike. Na leƙa ƙasa, ba ɗigo ko ɗaya. Na sauya filta, ba ta sake zane ba. A tasha kowa ya zama likita. Wani ya ce agogon ne ya tsufa yana ƙarya, in rufe shi in huta. Wani ya ce metal ɗin inji, wato ƙarafan da sandar inji ke juyawa a kansu, su ne suka cinye, in zuba mai mai kauri in lallaɓa. Har na yanko wani hoto daga kalanda zan manna a kan agogon, sai muryar Kawu ta faɗo mini a rai, na fasa. Amma ban gaya wa Kawu ba. Na san in ya ji zai ajiye motar, ga cittar surukina ta bushe an ɗure a buhuna, ga ranar kasuwa ta matso. Na ce bari in sauke wannan lodi tukuna, kome zai faru ya faru daga baya.

Ranar kasuwa da sassafe muka yi lodi. Tsohon ya shiga gaba kusa da ni da sandarsa da malafarsa, yarinyar da mamanta da wasu matan zumuntar cocinmu suka hau baya a kan buhuna, za su sayo kayan Kirsimeti. Ko kallona ba ta yi ba. Ba mu yi nisa da ƙauye ba allura ta fara karkarwa. Na yi kamar ban gani ba, har ta kwanta. Na gangara gefe na kashe mota. Tsohon ya tambayi lafiya, ni kuma abin da ya fara zuwa bakina na faɗa, na ce fitsari ne ya matse ni. Na shiga daji na tsaya bayan wata ɗorawa, ba abin da nake yi sai addu'a. Na dawo na tayar, allura ta miƙe, muka tafi. Can gaba kaɗan ta sake kwantawa, na sake cewa fitsari. Da abin ya yi yawa matan da ke baya suka fara ƙus-ƙus suna dariya, wata tsohuwa ma ta leƙo ta ce in mun koma gida in zo ta ba ni saiwa.

Na dawo daga wata tsayawar na tarar tsohon ya cire malafa ya ɗora a gwiwa, fuskar nan a murtuke. Ya ce in dakata da makullin. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san direbobi suna kwana a garuruwa, ya kuma san irin ciwon da samari ke kwasowa a tasha mai sa mutum yawan zuwa daji. Labarin Zonkwa ma ya zo kunnensa, ya yi shiru ne kawai. Saboda haka kada wani daga gidanmu ya tako ƙofarsa sai na je asibitin mishan an duba ni, in kuwa abin da yake zato ne, to in manta da 'yarsa. Jama'a, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na gudu daga gara na faɗa gidan zago. Nan na ga ranar wanka ta zo, ba sauran ɓoyon cibi. Na nuna masa agogon, na gaya masa dokar Kawu da abin da allurar ke yi, da tsoron da ya sa na yi masa ƙarya.

Tsohon ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya sunkuya ya ƙura wa agogon ido, sannan ya ce in tuƙa, shi zai riƙa gadin allurar. Haka kuwa aka yi. Da ta fara yin ƙasa sai ya buga sanda a ƙasan mota ya ɗaga murya, “Ɗana, ya faɗi, ya faɗi, tsaya!” Ni kuwa duk da halin da nake ciki, kalmar nan ta ɗana ta yi mini daɗi. Da matan suka ji ashe mota ce ba lafiya, ba direba ba, sai abin ya koma biki. Duk inda muka tsaya sai su sauko su kama waƙar zumunta suna tafi, wai suna yi wa Goggo addu'a. A wata tsayawar muka haɗu da matan Fulani da ƙoren nono, maman yarinyar ta saya wa kowa, ɗaya daga cikin Fulanin ta zagaya motar ta ce ko shanunsu masu ciki sun fi wannan sauri. Yarinyar kaɗai ce ba ta yi dariya ba, tana can saman buhu ta harɗe hannu. Da rarrafe da waƙa muka shiga Kafanchan bayan azahar, Allah ya taimaka masu sayen citta ba su tashi ba, aka sauke aka auna, tsohon ya sayar da kayansa lafiya.

Na ɗauka daga nan za mu rabu, ashe da sauran aiki. Tsohon ya ce ƙafarsa ƙafata har gareji, yana so ya ji daga bakin masani ko motar ce ke ciwo ko kuwa wata sabuwar ƙarya ce. Ya kuma ce 'yarsa ta biyo mu. Muka je wurin wani tsohon makanike abokin Kawu, Bahaushe, da ke aiki a ƙarƙashin mangwaro bayan layin dogo. Muka tarar ya idar da sallar la'asar yana naɗe buzu. Ya saurare ni har na gama bai taɓa ko sifana ba. Sannan ya zaro sandar awo ya shinshina, ya ce babu warin gas, wato man dizal, ke nan man bai tsinke ba. Ya murza shi a yatsu ya ɗaga a rana, ya ce ba ya ganin ƙyallin garin ƙarfe. Ya kwance bututun agogon motar ya ɗaura nasa, na tayar na taka totur, nasa ma ya miƙe sannan ya faɗi, ya ce to agogo bai yi ƙarya ba, duk wanda ya ce in rufe shi bai so ni da alheri ba. Ya kafa dogon sukundireba a jikin inji ya kara kunne, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago ya ce injin da metal ɗinsa suka cinye, in ya yi zafi mai ya faɗi, ba ya dawowa don an kashe shi na ɗan lokaci, sai ya huce sarai. Wannan kuwa wani abu ne ke toshe bakin famfon mai yana sakinsa, kamar yadda dusa ke toshe rariya in mace na tace kunu. A nan ne idonsa ya faɗa kan totuwar. Ya zare ta ya juya ta a hannu, ya tambaye ni tun yaushe Goggo ta fara cin masara.

Makaniken ya ce ni zan shiga ƙarƙashi da kaina, tun da ni na san abin da na shuka. Na tsiyaye man a daro, na kwance kusoshin kaskon da ke ƙasan inji, na sauke shi. Makaniken ya leƙa ya sa filaya ya jawo wani baƙin abu da ya naɗe a rariyar famfo, ya tsoma shi a tasar kananzir, ya cuɗa ya matse, ya sake cuɗawa, sannan ya shanya a kan bamba. Na fito daga ƙarƙashi ina share ido, na duba. Ya yayyage, ya yi baƙi, amma ga jan zaren nan, ga fure, ga tsuntsu ɗaya lafiyayye, ɗayan ba kai. Wallahi har wannan lokaci ban taɓa kawowa a raina cewa ciki ya faɗa ba. Sai na ji ta a bayana ta ja dogon numfashi ta kira sunan Yesu.

Ta matso ta ɗauke shi da yatsu biyu, hawaye suka zubo mata, sai kuma ta fashe da dariya, kafin in samu bakin magana dariyar ta koma faɗa. Ta ce yatsunta sun sha sukar allura a kan tsuntsayen nan, ashe tsumman mai take ɗinka mini. Ta ce saura kaɗan ta hau mota zuwa Zonkwa ta cire wa baiwar Allah ɗankwali a gaban masu cin tuwo, matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ina tsaye mai na ɗiga daga gashina, ina ba da haƙuri, amma a cikin raina murna nake yi, don mace ba ta yi wa wanda ta bari irin wannan faɗa. Babanta kuwa, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya zauna a kan tsohuwar taya yana dariya har da tari, makanike na buga masa baya. Da suka natsu makaniken ya bayyana cewa in inji na aiki famfo ne ke zuƙo ƙyallen ya manne a rariya, mai ya kasa wucewa, in an kashe sai ya saki ya koma ƙasa. Ya buɗe metal ɗaya ya duba, ya ce da sauran ransa, tsayawar da na riƙa yi ce ta ceci injin. Aka wanke kasko da rariya, aka zuba sabon mai, na tayar, allura ta miƙe ta tsaya cak, na taka totur ta ƙi motsi.

Kawu ya ji labari kafin in isa gida. Ya ja kunnena har ya yi zafi, yana ta maimaita kalmar totuwa, amma bai karɓe makulli ba. Surukina kuwa ya yanke mini tara. Ya ce maganar asibiti ta wuce, iyayena su zo, amma saboda fitsarin ƙarya da na sa dattijon ikilisiya ya zauna yana jira, da damina zan dawo gonarsa da garma, ba da mota ba. Na je kuwa, hannuwana suka sake yin bororo, ita ce ma ta riƙa kawo mana kunu tana yi wa kunyoyina dariya. Ranar aurenmu Goggo ce ta kwaso matan zumunta, an yi mata ado da ganyen kwakwa, suna waƙa tun daga ƙauye har ƙofar coci. Da aka tashi daga liyafa amarya ta miƙo mini wani ɗan ƙulli, na ɗauka sabon hankici ne. Ina kwancewa na ga murfin mai ne na ƙarfe, ta sa makaniken nan ya nemo mata, har ya liƙa masa 'yar sarƙa don kada ya sake faɗuwa. Ta ce hankici kam na gama samu a duniya.

Abin da na koya, 'yan'uwana direbobi, allurar mai ba abokiyar gaba ba ce, kada wanda ya ruɗe ku ku rufe ta. In ta faɗi ku kashe mota, ku duba man, ku shinshina shi, ku sa a gwada da wani agogon, kada ku yarda a yanke wa inji hukunci ba a buɗe an gani ba. Totuwa kuma ku bar wa galan ɗin manja. Ga samari kuma, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Da tun ranar Lahadin farko na ce mata ga wautar da na yi, da faɗan yini ɗaya ne, ita da take da kaifin kai ma wataƙila da ta tambaye ni ko na leƙa cikin injin. Na ɓoye abin kunya ƙarami, aka zarge ni da manya guda biyu, na kusa rasa mata, Kawu ya kusa rasa mota. Goggo ta daɗe da ritaya, mun aurar da 'ya'ya, amma hankicin nan yana nan a ƙasan akwatin matata. Duk ranar da na shigo gida na yi shiru, ta tambaye ni na ce ba kome, ba ta gardama da ni. Tashi take yi ta ɗauko shi ta shimfiɗa mini a kan tebur kusa da tuwo, da tsuntsunsa marar kai, ta zauna ta jira. Ban taɓa kai loma ta biyu ba tare da na faɗa mata ba.